Iskar da Ban Auna Ba

Aikina na digiri na biyu shi ne in gwada ko lissafin kwamfuta zai iya hango irin turin da iska ke yi wa ƙwallo mai santsi. Ana kafa ƙwallon a cikin bututun gwajin iska, fanka ta ja iska ta bi ta kansa, sikeli ya auna turin. Sai a bayyana wa kwamfuta wannan yanayin, a ga ko amsarta za ta zo daidai. A wajen bayyana yanayin ne na yi sakaci, kuma har yau yana damuna.

Saurin iskar na auna shi da bututun Pitot, wanda Henri Pitot ya ƙirƙiro a 1732 don auna gudun ruwan kogin Seine. Matsi kaɗai yake nunawa, sai ka san nauyin iskar kafin ka fitar da saurinta. Ni kuwa na ɗauko lambar littafi, kilogiram 1.225 a kowace mita kubik, wadda ta iskar bakin teku ce a zafin digiri 15. Ɗakin gwajinmu yakan kai digiri 35 da rana. A wannan zafin nauyin yana sauka zuwa kusan 1.15, danƙon iskar kuma ya ƙaru, har lambar Reynolds, wadda ke nuna halin da gudun iska zai ɗauka, ta karkace da kusan kashi 10 cikin 100. Hargitsin iskar ma ban auna ba, na bar abin da manhajar lissafin ta zo da shi.

Da amsoshin biyu suka ƙi haɗuwa, sai na yi abin da ya fi muni: na yi ta murɗa saitin kwamfutar har layukansu a zane suka hau kan juna. A raina gyara nake yi.

Malamina ya duba zanen, bai yaba ba. Ya ce, "Ɗalibi, me ma'aunin zafi ya nuna ranar nan?" Na ce, "Malam, ban rubuta ba." Sai ya zaunar da ni ya ba ni labarin 1912, lokacin da Gustave Eiffel a Faris ya sami turin ƙwallo bai kai rabin abin da aka samu a Göttingen ta Jamus ba. Aka zaci wani ya yi kuskure. A 1914 Ludwig Prandtl ya ɗaura wa ƙwallo zoben siririyar waya, ya nuna cewa da zarar iskar da ke manne da jikinsa ta hargitse, turin sai ya faɗi warwas. Kowa ya auna daidai, yanayin gudun iskar ne ya bambanta. Ƙwallona kuwa yana daf da wannan gaɓar, wajen lambar Reynolds 300,000, inda ɗan canji kaɗan ke juya komai.

Na janye wannan babin na aikina gaba ɗaya. Na koma na rubuta zafi da matsin ɗaki a farkon kowane gwaji da ƙarshensa, na auna hargitsin da waya mai zafi wadda ba ta kai kaurin gashi ba, na ba kwamfutar waɗannan lambobin ban taɓa saitinta ba. Layukan ba su sake haɗuwa ba. Giɓin da ya rage na nuna shi yadda yake, kuma shi ne ya tona cewa lissafin da na zaɓa bai iya hango inda iska ke fara hargitsewa a jikin ƙwallon.