Kullen Korona a Suleja, Garin da Ke Kwana a Neja Ya Yini a Abuja

Dokar hana fita ta farko da korona ta jawo mana a Suleja ta zo tun kafin a ce ga mutum ɗaya da ya kamu a faɗin Jihar Neja. Daga ranar Laraba 25 ga Maris 2020, Gwamna Abubakar Sani Bello ya hana fita daga ƙarfe 8 na safe zuwa 8 na dare. Da muka ji a rediyo, da yawa sun ɗauka mai karanta labarai ne ya yi tuntuɓen harshe, don dokar hana fita da muka saba da ita ta dare ce. Ashe haka abin yake: a yini a ɗaka, a fito bayan isha'i. Abin da ake tsoro shi ne kusancin jihar da Abuja, inda cutar ta riga ta ɓulla bayan Baturen Italiyan nan da aka samu da ita a Legas ranar 27 ga Fabrairu. In kuwa ana maganar kusanci da Abuja a Neja, da mu ake.

Wanda bai san garin ba, zai yi masa wuya ya gane abin da wannan doka ta taɓa. Suleja ita ce Abuja ta asali. Da aka ƙirƙiro sabon babban birni a 1976 aka ba shi sunan, garinmu kuma ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau. Tun daga nan duk wanda hayar Abuja ta fi ƙarfinsa nan yake gangarowa: masinja, direba, birkila, mai gadi, ƙaramin ma'aikaci, 'yan kasuwar Dei-Dei da na Zuba. Kafin gari ya waye motoci sun cika titin Madalla, sun wuce gindin Dutsen Zuma, ba sa dawowa sai duhu. Ni ma ina cikinsu, a wani shagon ɗab'i nake aiki a Garki. Minna, inda ake yanke mana hukunci, tana da nisan kusan kilomita 100; abincinmu kuwa yana bayan Zuba.

Abin da dokar yini ta haifar na gan shi da idona a Kasuwar IBB. Da an sallame asuba kowa ya bazama, mata da kwanduna, maza da buhuna, ana tsere da agogo. Cinikin da a da ake yi a yini guda sai aka matse shi cikin sa'o'i biyu. A layin masu tumatir da attaruhu kafaɗa na gugar kafaɗa, mai kayan miya na karɓar kuɗi da hannu ɗaya yana share gumi da ɗayan, ga mai shela a bakin ƙofa da lasifika yana ta faɗin a ba da tazara. Ina tazarar za ta fito? Ƙarfe 8 na gabatowa sai ka ji gudu ta ko'ina. Da dare kuma a sake, wannan karon da fitilun waya da aci-bal-bal. Har yau ina ganin wannan doka ba ta rage cunkoso ba, ta dai sauya masa lokaci, ta kuma ƙara masa yawa.

Kwana biyar da fara wannan doka, Shugaba Muhammadu Buhari ya rufe Abuja da Legas da Ogun daga daren Litinin 30 ga Maris. A nan ne cikin Suleja ya ɗuri ruwa. Mai albashin gwamnati ya zauna gida yana jiran ƙarshen wata. Amma a gidan hayar da nake, ɗaki shida ne, babu mai albashin gwamnati ko ɗaya. Akwai direban da ke jigila tsakanin Suleja da Berger a Abuja, akwai mai gyaran famfo, akwai wata dattijuwa mai ƙosai da duk gidan ke kira Inna. Kowannenmu sai ya fita yake samu.

Ita ƙaramar hukuma fa? Wannan tambaya na sha jin ta a lokacin. Doka daga Minna take zuwa ko daga Abuja. Alƙaluma daga hukumar NCDC suke fitowa kowane dare. Kwamitin kar-ta-kwana na jiha Sakataren Gwamnati Ahmed Ibrahim Matane ke jagoranta, na tarayya kuma Boss Mustapha. Abin da ya rage a hannun hukumar gari shi ne aikin ƙafa. Motar shela tana zagaya unguwanni da Hausa da Gwari da Turanci. Duba-gari da ma'aikatan ƙananan asibitoci suna shiga kasuwa da tasha. Aka jera bokitai masu famfo da sabulu a ƙofofin da jama'a ke bi. Fadar Sarkin Zazzau Suleja, Malam Muhammad Awwal Ibrahim, ita ce hanyar da saƙo ke bi ya sauka ga hakimai da masu unguwanni da limamai, kuma gaskiya maganar da ta fito daga bakin liman ta fi ta lasifika shiga kunne. Ba na raina wannan aiki. Na ga wata ma'aikaciyar lafiya, takunkumi a fuska, tana bin gida gida cikin zafin Afrilu tana tambayar ko akwai baƙon da ya zo daga wani gari, ana rufe mata ƙofa, tana wucewa gaba ba ta fasa ba.

Sai dai bokiti ba ya cika kansa. A yawancin unguwanninmu ruwa a hannun 'yan ga-ruwa yake, su kuma doka ta hana su tura kura da rana. Jarka ta yi tsada. Wata safiya mai unguwarmu ya leƙo gidan yana jaddada wanke hannu, Inna ta gyara mayafi ta ce, "Ranka ya daɗe, da wane ruwan? Wanda zan dafa wa jikokina abinci, ko wanda za mu yi alwala?" Ya yi shiru, can ya ce, "Inna, ni ma aiko ni aka yi." Washegari shi da kansa ya je ya roƙi wani mai rijiyar burtsatse a layinmu ya riƙa buɗe famfo kyauta bayan asuba. Mutumin ya buɗe, bai rufe ba har aka sha ruwan Salla. Babu wata takardar gwamnati da ta ambaci wannan.

Ranar 10 ga Afrilu aka tabbatar da mutum na farko a jihar, a unguwar Limawa ta Minna, kuma daga ranar 13 aka koma kulle na gaba ɗaya, sai ranakun da aka ɗan sassauta don a yi cefane. A haka azumi ya same mu ranar 24 ga wata. Ban taɓa ganin Ramadan irinsa ba. Tafsiri ya koma rediyo da waya, asham kowa a tsakar gidansa, masu rabon kunu da ƙosai a ƙofar masallaci sun ɗauke. Maganar tallafi ta cika gari. An ce a rubuta sunaye, aka rubuta. Da rabon ya iso layinmu, abin da ya faɗo wa gidanmu mai ɗaki shida bai wuce 'yan mudun shinkafa da taliya ba, aka zube a faranti, Inna ta raba da gwangwanin madara. Direban nan ya dubi kasonsa ya yi dariyar da ta fi kuka ciwo, ya tura wa mai gyaran famfo, wanda matarsa ke da goyo. Daga baya, a watan Oktoba, da jama'a suka fasa rumbunan ajiyar kayan tallafi a garuruwa da dama har da Gwagwalada, babu wanda ya yi mamaki a unguwarmu.

Ga kuma rashin yarda. A teburin mai shayi za ka ji ana cewa cutar masu hawa jirgi ce, ko kuma hanyar cin kuɗi ce kawai. Rasuwar Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ranar 17 ga Afrilu ma sai ta zama hujja ga masu cewa ciwon manya ne. Abin da ya sanyaya jikin mutane shi ne labarin Kano a ƙarshen watan, da aka yi ta binne dattawa, don da wuya ka sami gidan Bahaushe a Suleja da ba shi da ɗan'uwa a can. Daga nan teloli suka samu kasuwa, suna ɗinka takunkumi da ƙyallen atamfa da shadda. Da yawa dai a haɓa suke rataye shi, sai an hango shinge a ja shi sama.

Inda abin ya fi ɗaure kai shi ne daga ranar Litinin 4 ga Mayu. An sassauta kullen Abuja, ofisoshi da shaguna sun fara buɗewa, amma dokar hana tafiya daga jiha zuwa jiha tana nan daram, ba a ɗage ta ba sai 1 ga Yuli. A takarda, duk ɗan Suleja da ya tafi wurin aikinsa ya ƙetare iyakar jiha, wato ya karya doka. Maigidana na shagon ɗab'i ya bugo waya ya ce in ban zo ba akwai masu jira. Gaba kura, baya sayaki.

Ga yadda muke yi. Mota ta sauke mu kafin shingen da ke tsakanin Madalla da Zuba. Daga nan wasu su bi gefen titi a ƙafa, wasu su hau acaɓa a bi da su ta hanyoyin gona, mutum uku a kan babur ɗaya, a ɓullo can gaba a shiga wata motar. Kuɗin mota ya ninka, don an ce a rage fasinja, ga kuma na acaɓa a kai. Manyan motoci masu baƙin gilashi kuwa ko tsayawa ba sa yi sosai. Wasu daga cikin masu tsaron shingen, ba duka ba, sun mayar da wurin kasuwa: a miƙa a wuce. Wata rana na tsaya a bayan wani dattijo mai gadi da ya fito da katin aikinsa hannu na rawa, yana cewa, "Yallaɓai, kwana na yi a bakin aiki, gida zan koma." Aka ce masa ya koma inda ya fito. Ina ne inda ya fito? Aikinsa na Abuja, iyalinsa na Suleja. Ya koma gefe ya zauna a kan dutse har sai da wani mai babur ya tausaya masa. Duk tsawon zirga-zirgar nan ban ga an auna zafin jikin ko mutum ɗaya daga cikin masu bin hanyar gona ba, alhali mu ne muka fi cuɗanya.

Aka yi Ƙaramar Salla ranar 24 ga Mayu ba armashi. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare suka koma makaranta a watan Agusta don jarrabawa. A watan Nuwamba shi kansa gwamnan ya sanar cewa ya kamu, ya killace kansa. Allurar riga-kafi ta iso Najeriya ranar 2 ga Maris 2021, lokacin da yawancin mutanen gari sun daina maganar cutar. Direban gidanmu bai kai nan ba a Suleja. Bashin da ya ci a watannin kulle ya sa ya sayar da motar ya koma ƙauyensu noma.

Kirana ga masu mulki a Minna da Abuja shi ne, duk ranar da wata annoba ta sake tasowa, Allah ya kiyaye, kada ɗayansu ya sa hannu a dokar da ta shafi Suleja sai sun zauna tare, da shugaban ƙaramar hukuma da wakilin fada a wurin. A kuma tambayi masu unguwanni tun yanzu gida nawa ne ba su da ruwa, gida nawa ne sai an fita ake ɗora tukunya. Suna da amsar a ka.