Tsakanin haƙuri da saki

Sau biyu ni da kaina na mayar da ƙanwata ɗakinta. Na fara da wannan don kada wani ya ɗauka wa'azi na zo yi.

A wata tunga take aure, bakin tafkin Kainji, can bayan Wara a Ngaski. Duk sanda ya dake ta, sai ta jira jirgin 'yan kasuwa ta iso Yelwa da goyonta. Karo na farko ido ne ya kumbura. Suka zo biko, muka ce ta yi haƙuri, aure ibada ne. Na biyu haƙori ya fita. Wannan karon a hannu aka sauko da ita daga jirgi.

Na ce to shi ke nan, kotu za mu, alƙali ya raba. A mazhabarmu ta Malikiyya, mace in ta tabbatar da cutarwa, ana iya raba auren ba tare da ta mayar da sadaki ba. Sai ta ce, "Yaya, ni ba saki na zo nema ba. 'Ya'ya uku, ina zan kai su? Ni dai a hana shi dukana."

Wallahi na rasa amsa. Ƙofa biyu muka taso muka sani, haƙuri ko saki.

Ashe akwai ta uku. Dokar VAPP da Jonathan ya sa wa hannu a 2015 ta tanadi odar kariya: kotu ta hana mutum duka, barazana, ko kusantar inda matar take, aure kuma yana nan. Akwai ta wucin gadi kafin a saurari ɓangarensa. Har wani na iya nema mata, da yardarta a rubuce. Waccan ta Abuja ce, amma Kebbi ta yi tata zamanin Bagudu.

Na je wani ofishi da zancen. Wanda na tarar ya dube ni ya ce, "Malam, maganar miji da mata ce, ku je ku sasanta." Ban ji haushinsa sosai ba, abin da na faɗa mata ke nan sau biyu.

Abin da ke hana ni barci daban ne. A ce an ba ta takardar. Ta koma tunga, dare ya yi, ya ɗauko sanda. Babu sabis, babu jirgi sai gari ya waye. Wa za ta nuna wa? Mai unguwa ma ɗan'uwansa ne.

Duk da haka zan nema mata. Mutumin da ya san sunansa na gaban alƙali, ko ba komai zai yi tunani kafin ya ɗaga hannu. Lauyoyin da ke cikin abokaina, daga Yauri zuwa Shanga, don Allah ku yi mini magana ta inbox.

Tana ɗakin Inna yanzu. Dangin mijin sun aiko wai ranar Juma'a za su zo biko. Na ce su zo, amma ba da ni za a rakata bakin ruwa ba.