Gusau, Tsafe Da Bunguɗu: Neman Magajiyar Tsohuwar Motar Kawu

Duk wanda ya saba bin hanyar Gusau zuwa Funtuwa ya san direba ba ya son tsayawa inda bai yi niyya ba. Tun da ta'asar 'yan bindiga ta yi ƙamari a Zamfara, mutuwar mota tsakanin gari da gari ta wuce ɓacin rana, ta zama kasadar rai. Shi ya sa da kawuna, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya a Gusau, ya ce mini zai rabu da motarsa, ban tambayi dalili ba. Na dai tambaye shi wacce zai saya. Ya ce 'ya'yansa sun cika masa kunne da zancen mota mai gas da mai lantarki da wadda ba ta gurɓata iska, shi kuwa yana son ya ji daga bakin 'yan hanya kafin ya taɓa kuɗin giratutinsa. Na ce zan raka shi, in kuma ɗebo wa masu karatu abin da muka gani.

Motar ƙirar Turai ce ta tsakiyar shekarun 1990. Ta gama aikinta a can kafin jirgin ruwa ya sauke ta a Kwatano, ta bi hannu biyu ko uku sannan ta iso ga Kawu. Irinta ne suka cika titunanmu. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 zuwa wasu ƙasashe, kashi 40 cikin ɗari nasu kuma Afirka aka kawo su. Ta Kawu tana shan baƙin mai, salansarta na fitar da shuɗin hayaƙi, jarkar ruwa kuwa ba ta rabuwa da but.

Mun bar gari da hantsi, don yanzu ba mai sammako a wannan hanya, ba kuma mai yarda la'asar sakaliya ta same shi a kanta. Muka wuce shataletalen Lalan da Damba da ƙofar Jami'ar Tarayya, muna tsayawa a shingayen jami'an tsaro. Dutsen Kwatarkwashi yana bayyana a gabanmu ke nan allurar zafi ta fara hawa. Kawu ya rage gudu, yana salati ƙasa-ƙasa, ya lallaɓa ta har cikin gari. Da ya kashe ta, tururi ya turnuƙe gaban motar. Abin da ya fara cewa shi ne, "Alhamdu lillahi da ta kawo mu cikin mutane."

Bakaniken da aka kira mana matashi ne. Ya jira ta huce, ya buɗe lagireto, ya leƙa ƙarƙashi, ya miƙe yana goge hannu. "Baba, wagga mota ta biya kuɗinta. Ringi ya tafi, lagireto ya toshe. In kun gyara wannan, gobe wani ne." Ya kuma nuna mana inda aka yanke salansa aka yi mata walda. Indomin motar an daɗe da cire shi. Wannan tukunya ce a jikin salansa mai ɗauke da ƙarafa masu tsada, aikinta ta ƙone gubar da ke cikin hayaƙi kafin ya fita. Saboda tsadar ƙarafan ne ake farke ta a sayar, wani lokaci tun kafin motar ta iso hannun mai saye. Mota marar indomi tana tafiya lafiya lau, sai dai mai tallar ƙosai a bakin titi da ɗan kabu-kabun da ke biye da ita su ne ke shaƙar abin da ya kamata a tace.

Da aka zuba ruwa muka ƙarasa Tsafe a hankali. A tasha muka zauna a bencin 'yan kamasho, inda Golf da Sharon ke lodin Funtuwa da Gusau. Ban ji wanda ya ambaci sauyin yanayi ba, hirar duk ta mai ce. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi, farashin gwamnati bai kai naira 200 a lita ba. Cikin 'yan kwanaki ya haura 500, a watan Oktoban 2024 kuma ya wuce 1,000. Tsohon inji da ke zuƙar mai, wanda a da ake haƙuri da shi, yanzu shi ke cinye ribar yini.

Na kawo musu maganar shirin gwamnatin tarayya na mayar da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG, wanda aka kafa a 2023. Sun san da shi sarai. Sun san gas ya fi fetur araha nesa ba kusa ba, hayaƙinsa ma ya fi sauƙi, motar kuma tana iya komawa kan fetur idan gas ya ƙare. Wani dattijon direba ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, mun ji. To in na sa tukunya, ina zan sha? Kuma buhunan da nike ɗorawa a but, a kaina zan aza su?"

Tambayoyin nan biyu suna da tushe. Bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yunin 2020, bai ratso ta Zamfara ba. Duk gas ɗin da za a sha a Gusau ko Tsafe sai an ɗauko shi a babbar mota, ta wannan hanyar da kowa ke ɗari-ɗari da ita. Tukunyar kuma ƙatuwa ce mai nauyi, tana cin kusan rabin but, alhali kuɗin kaya wani babban kaso ne na abin da direban karkara ke samu. Akwai kuma tsoro. Gas ɗin mota ana matse shi da ƙarfi mai yawa, ya ninka na tukunyar girki sau da dama, don haka tukunyar da ɗan walda ya haɗa ba ta ɗaukarsa. A watan Oktoban 2024 wata mota mai irin wannan tukunya ta fashe a gidan shan gas a birnin Benin, labarin kuma ya iso har bencin da muke zaune. Mutanen nan sun ɗanɗana rashin mai a watan Satumban 2021, lokacin da gwamnatin jiha ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita abin da mota za ta sha, aka kuma katse layukan waya don yaƙi da 'yan bindiga. Wanda ya ga wannan ba zai yi gaggawar ɗora abincin gidansa a kan makamashin da bai ga tasharsa ba.

Mun juyo Gusau rana na da sauran ƙarfi. Da dare ɗan Kawu, wanda ke aikin haɗa sola, ya baje hujjojinsa na mota mai lantarki. Ba ta da salansa, ba ta shan baƙin mai, ba fulogi, ba lagireton da zai tafasa a Kwatarkwashi. Ya tuna mana cewa ɗan Sakkwato ne, Jelani Aliyu, ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, kuma a lokacin da yake shugabancin hukumar ƙera motoci ta ƙasa aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. Ya kawo misalin Maiduguri, inda Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan bas masu lantarki, inda kuma gwamnatin Barno ta fito da tasi masu caji a ƙarshen 2023.

Yana cikin bayani aka ɗauke wuta. Kawu ya yi dariya, ya ce a kunna fitila a ci gaba. Wutar Gusau daga nesa take zuwa, ta layin da ya biyo ta Zariya da Funtuwa, kuma ba wanda ya manta duhun da ya rufe yawancin Arewa fiye da mako guda a watan Oktoban 2024 bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Motar da za a yi wa caji da janareto ta mayar da hayaƙin daga titi zuwa tsakar gida ne kawai. Ga tsadar saye, ga zafin bazara da ke haura digiri 40 a nan, wanda ke rage wa batir kwana. Inda muka yarda da yaron shi ne cikin gari. Keke Napep da babur ɗin kabu-kabu ba sa nisa, batirinsu ƙarami ne, rumfar sola guda za ta iya ciyar da su da yawa. Rana kuwa Allah ya hore mana ita. Amma ga dattijon da ke zuwa ta'aziyya Tsafe da ɗaurin aure Talatar Mafara, lokacin mai lantarki bai yi ba tukuna.

Washegari muka nufi Bunguɗu, a kan hanyar Sakkwato, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba. Wani tsohon ɗalibin Kawu, ma'aikacin gwamnati da ke zuwa aiki Gusau kullum, ya sauya tsohuwar motarsa da haibirid, wato mai haɗa injin fetur da batir. Ya tarbe mu da fura, ya durƙusa ya gaida malaminsa, sannan ya miƙa masa makulli. Kawu ya danna maɓalli, bai ji ƙara ba, ya sake dannawa. "Ai ta tashi, Malam," in ji ɗalibin. Muka zaga gari muka gangara wajen gulbi, yana yi mana bayani.

Irin wannan mota, wadda Toyota ta fara fitarwa kasuwa da sunan Prius a 1997, ba a jona ta da wuta. Idan an taka birki, ƙarfin da zai tafi a banza shi ke cika batir. Idan an tsaya a cunkoso ko a shingen bincike, injin yana kashe kansa, a ƙaramin gudu kuma batir ne ke jan ta. Saboda haka ragin man ya fi fitowa a cikin gari da hanya mai yawan tsaye-tsaye, a doguwar hanya kuwa bai kai haka ba. Kowace litar fetur da aka ƙona tana sakin kimanin kilo 2.3 na iskar da ke ɗumama duniya, don haka litar da ta rage a tanki riba ce ga aljihu da kuma sararin da daminarmu ta dogara da shi.

Bai ɓoye mana aibinta ba. Yawancin waɗanda ake kawowa na hannu ne, wasu batirinsu ya riga ya gaji, sabo kuma kuɗi ne masu yawa. Ya ce kada Malam ya biya ko kwabo sai an sa mata kwamfuta an auna lafiyar batirin. Ya nuna mana ƙofar iskar da ke sanyaya batirin a gefen kujerar baya, ya ce ƙurar hunturu na toshe ta, sai an riƙa sharewa. Cikinta yana kusa da ƙasa, ba ta son hanyar ƙauye da damina. Ba kowane mai gyaran wayar mota ne zai taɓa ta ba, domin manyan wayoyinta masu ruwan lemo suna ɗauke da wutar da ke iya kisa. Shi kansa ɗalibin idan gyaran ya yi nauyi sai ya nemi ƙwararre, ko da zai kai shi Kano ko Kaduna.

A hanyar dawowa ne maganar da ta fi ɗaukar hankalina ta taso, wato makomar tsohuwar. Dillali ya riga ya samo mai saye, wani da zai riƙa jigilar mutane da hatsi zuwa kasuwannin ƙauye. A ƙasar nan tsohuwar mota ba ta mutuwa, gangarawa take yi daga birni zuwa karkara, hayaƙinta da haɗarinta su koma kan waɗanda suka fi mu rauni. Kawu ya yi shiru har muka shigo Gusau, sannan ya ce, "Ɗana, abin da nike tsoron ya tsaya da ni a daji, ba ni sayar ma wani ya ɗauki matan mutane a ciki. Ko a shari'a ba a ɓoye aibin haja." Ya zaɓi ya ba masu sayar da kayan gyara su yanka ta, gangar jikin ta tafi wurin 'yan gwangwan, ko da kuɗin bai kai tayin dillali ba.

Batirinta kuwa ya ce a kai wa masu karɓar tsoho su ba da sabo, kada a bar shi yara su fasa. Batirin mota dalma ce cike da shi, Zamfara kuma ta san dalma fiye da kowa. A 2010 gubarta, wadda ta fito daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Tushen ya bambanta, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙwaƙwalwar yara take fara ci. Haka ma baƙin man da ake juyewa a ƙasa a garejojinmu, ruwan sama yana wanke shi zuwa gulbin Sakkwato, wanda Gusau da Bunguɗu ke sha suna ban-ruwa da shi.

Kawu ya tsayar da shawara a kan ƙaramar haibirid, da sharaɗin a auna ta a gabansa. Wanda bai da ƙarfin wannan, ƙaramar mota mai lafiyayyen inji da indominta a jiki ta fi ƙatuwa mai hayaƙi, ga aljihu da ga maƙwabta. Sauran aikin na hukuma ne. Gwamnatin jiha da ta tarayya su kafa wuraren shan gas tabbatattu a kan hanyar Tsafe zuwa Gusau zuwa Talatar Mafara kafin su nemi direbobi su sa tukunya. A gina rumfunan caji na sola don Keke Napep da babura, a koya wa matasan garejojinmu gyaran haibirid a kwalejojin fasaha, a kuma tsara yadda za a riƙa tattara matattun batura. Kai kuma mai karatu, idan motarka ta fara zaɓar inda za ta tsaya da kai, kada ka jira ta zaɓi daji.