Ƙugun kaza da dangin da ba mu zata ba

 Mun saba kukan cewa Hausa ba ta da kalmomin kimiyya, alhali sau da yawa abin ne ba mu tsaya mun kalla ba. Ga bayan kaza nan da yara ke tsotsewa su yar. Ƙashin ƙugunta ya manne da ƙashin baya, sun zama faranti guda mai ɗauke nauyin jiki a kan ƙafa biyu. Ƙasusuwan mara kuwa sirara ne kamar tsinke, sun karkata baya, na dama da na hagu ba su haɗu a ƙasa ba, don ƙwai ya samu hanyar wucewa. Jimina ce ta fita zakka, nata a haɗe suke.

Da wannan ƙashin marar wani Baturen Ingila, Harry Seeley, ya raba dainoso gida biyu a 1887, wato dabbobin nan da suka ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Waɗanda nasu ya fuskanci gaba ya kira su masu ƙugun ƙadangare, waɗanda nasu ya koma baya kuma masu ƙugun tsuntsu. Kowa zai ce ai gida na biyu ne kakannin tsuntsaye. Ina! Burbushin da aka tono ya nuna daga gidan ƙadangare suka fito, reshen maciya nama masu tafiya da ƙafa biyu. Nasu ƙashin daga baya ya juya, ba gadonsa suka yi daga wancan gidan ba. Kama da wane ba ta wane.

Ba ma sai mun je nesa ba. A Gadufawa, cikin hamadar Nijar, an tono Uranosorus mai ƙugun tsuntsu, wanda Philippe Taquet ya raɗa wa suna a 1976, da Sukomimus mai dogon baki irin na kada, wanda Paul Sereno ya bayyana a 1998. Wannan na biyun, mai ƙugun ƙadangare, shi ne ya fi kusa da zabon da ke kuka a bayan gidanmu.

To, ranar da za mu rubuta wa ɗalibai wannan, mu fassara sunan Seeley yadda yake, ya ruɗe su kamar yadda yake ruɗa 'ya'yan Turawa? Mu dai mun fi son a ce masu ƙashin mara baya da masu ƙashin mara gaba. Mai wani sunan ya ajiye mana a ƙasa.