Tsohon Inji Ya Tashi A Shagari

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in ba jama'a labarin abin da idona ya gani.

Ran Asabar na tashi daga Sakkwato, na bi ta Bodinga, kusa da Sifawa inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, na sauka Shagari, garin marigayi Shehu Shagari wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. A can na iske wani maƙeri ya girke tsohon injin sassaƙa ƙarfe a zaurensa. Ya ce a hannun 'yan gwangwan ya saye shi, duk tsatsa, abin da ke juya shi kuma ya mutu. Ya kwance shi, ya wanke da kananzir, ya zuba mai, sa'an nan ya haɗa shi da injin ban ruwa da bel. Amma shi wannan yana juyi fiye da sau 3,000 a minti, saurin da zai ƙone bakin wuƙar sassaƙa. Sai ya sa ƙaramin gargare a jikinsa, babba a jikin tsohon. Gudu ya ragu, ƙarfi ya ƙaru.

Ina tsaye wani manomi ya kawo ƙarfen famfonsa ya cinye, ga albasarsa tana neman bushewa. Kafin la'asar aka sassaƙa masa sabo, ya huta da zuwa Sakkwato.

Jama'a, mu daina sayar da irin waɗannan injuna a kan ma'auni. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wassalam,
Wani Akawu, Sakkwato.