Matambayi Ba Ya Ɓata, Balle Mai Karatu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi wa 'yan'uwa bayanin yadda baƙo ke zaga birnin Landan, gama na ga samarinmu da dama suna ɗokin zuwa ƙaro ilmi can. Hanyar kuwa tsohuwa ce gare mu. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya bi ta a 1921, Malam Abubakar Imam kuma a 1943, har ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ni ma Allah Ya nufa na yi wata uku can wajen koyon aikin ofis.

Babban abin hawansu shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa. An buɗe na farko a 1863 tsakanin Paddington da Farringdon, yana tafiya da gawayi, sa'an nan mai lantarki ya fito a 1890. Yanzu layi 11 ne, tasha 272. Mai jin wannan zai ce ai baƙo ya shiga uku. To, ba haka ba ne, saboda wata taswira da Harry Beck ya zana, aka fara buga ta a 1933. Bai kula da nisa ko karkatar hanya ba, sai ya ba kowane layi launinsa, ya jera tashoshi bi da bi, ya nuna inda layi ya gamu da layi.

Abu uku kaɗai mutum zai riƙe: sunan layi, wajen da jirgin ya nufa, da tashar da zai sauka. Misali, wanda ya sauka filin jirgin sama na Heathrow sai ya shiga layin Piccadilly mai launin shuɗi, ba zai sāke jirgi ba har Russell Square, kusa da makarantar SOAS inda Turawa da yawa suka koyi Hausa. Kowace tasha sunanta na rubuce a bango, ana kuma faɗinsa da murya.

Wajen biya babu ciniki. Akwai katin Oyster da aka fito da shi a 2003, ko kuwa mutum ya yi da katin bankinsa. A jirgi sai ka taɓa kati a ƙofar shiga, ka kuma taɓa a ta fita, in ka manta a cire maka kuɗi mafi yawa. A jajayen safa masu bene taɓawa ɗaya ce, kuma tun 2014 direba ba ya karɓar kuɗin hannu. A matakala mai tafiya da kanta a tsaya dama, hagu ta masu sauri ce. In za ka ƙetare titi fara duban dama, domin motocinsu hagu suke bi, kamar yadda namu suka yi kafin 1972.

Jama'a, abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, baƙon da ya zo jiya da ɗan gari kuɗinsu ɗaya, kuma dukansu sun san lokacin da jirgi zai iso, gama yana rubuce a allo. Mu kuwa fa? In mutumin Kuki zai tafi Katsina, sai ya zo tasha ya zauna har mota ta cika, ko da hantsi ko da azahar. Kuɗin mota yana bakin ɗan kamasho, Salla na matsowa ya hau. Tsohuwa mai kai jikanta asibiti ba ta san abin da za ta ƙulla a bakin zane ba.

Lalle ba mu da ƙarfin haƙa rami ƙarƙashin gari, ba kuma shi ne bukatarmu ba. Amma allo da fenti ba su fi ƙarfin kowace tasha ba. A rubuta sunan gari, da kuɗinsa, da lokacin tashi, da boko da ajami. Malaman makaranta kuma su koya wa yara karanta taswira da jadawalin lokaci, tun da an soma aikin hanyar jirgi daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina a 2021, jirgi kuwa ba ya jiran a cika.

Abu guda ne ba na so mu ara. A jirginsu sai a yi tafiyar sa'a guda ba wanda ya ce wa wani sannu. Mu riƙe sallamarmu da tashi wa dattijo, mu haɗa su da tsarin nan nasu. Allah Ya sa masu iko da tashoshinmu su ji. Wassalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Kuki, ƙasar Dutsin-Ma.