Lamba 257: Darasin da Na Koya Wajen Auna Furucin Ɓ

A shekara ta biyu ta karatuna na digiri na uku, saura ƙiris in gabatar da sakamakon bogi a taron ƙara wa juna sani na sashenmu, kuma da zuciya ɗaya na yi niyyar gabatar da shi. Ban ƙirƙiri alƙaluma ba, ban kuma kwafi aikin kowa ba. Layi ɗaya kawai na ƙara a cikin 'yar manhajar da ke karɓo bayanai daga na'urar awona, ita kuwa ta shafe mako shida tana zubar da ainihin abin da nake nema ba tare da ta ce uffan ba. Na ga ya dace in rubuta yadda abin ya faru, domin a yau manazarta Hausa da dama sun fara dogaro da ƙananan na'urori da manhajojin da wasu suka rubuta musu.

Bincikena a fannin ilimin furuci yake, kuma ya shafi bambancin tsayau /b/ da haɗiyau /ɓ/, kamar a bari da ɓari, ko haba da haɓa. Wajen furta /b/, leɓɓa kan rufe, iskar huhu ta taru a baki, matsinta ya hau. Wajen furta haɗiyau kuwa, maƙwallato kan yi ƙasa, kogon baki ya ƙara faɗi, sai matsin iskar ya ragu. Peter Ladefoged, wanda ya wallafa nazarinsa kan furucin harsunan Afirka ta Yamma a 1964, da wasu masana bayansa, sun nuna cewa /ɓ/ da /ɗ/ na Hausa sun fi yin fice da tsukewar tantanin maƙwallato fiye da zuƙar iska mai ƙarfi. Burina shi ne in auna da kaina in gani.

Da yake kayan awo na kamfani sun fi ƙarfin aljihuna, wani abokina da ya karanta injiniyan lantarki ya harhaɗa mini nawa: siririn bututu da ake sawa a gefen leɓɓa, da ma'aunin matsin iska, da allon Arduino Uno. Allon yana mayar da abin da ma'aunin ya ji zuwa lamba tsakanin 0 da 1023. Idan baki na buɗe, lambar kan tsaya a wajajen 520; in matsi ya hau ta hau, in ya ragu ta sauka.

Lambobin suna isa kwamfuta ta kafar siriyal, wato mashigar da bayanai ke bi a jere, ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar hanya ce, tun farkon shekarun 1960 aka tsara ƙa'idarta mai suna RS-232 domin injinan aika rubutu ta waya. Duk da cewa allon da wayar USB ake jona shi, kwamfuta a matsayin kafar siriyal take ganin sa. Abin da ke bi ta wannan kafa shi ne bayit, kuma kowane bayit lamba ce daga 0 zuwa 255. Kafar ba ta san harafi ba, ba ta san awo ba. Mai karɓa ne ke yanke hukuncin abin da kowane bayit ke nufi.

Hanya biyu ake aika lamba irin 520. Ana iya rubuta ta da haruffa, a aika 5 da 2 da 0 da alamomi biyu na ƙarshen layi, bayit biyar ke nan. Ana kuma iya aika ta ɗanya a bayit biyu: na farko ya faɗi sau nawa 256 ta shiga cikinta, na biyu ya faɗi ragowar, wato 2 da 8. A saurin 9600 da aka saita na'urar, bayit 960 ne ke wucewa a daƙiƙa ɗaya. Ta hanyar rubutu awo 192 kawai za a samu a daƙiƙa, ta ɗanyen bayani kuwa har 480. Tunda rufewar leɓɓa ba ta daɗewa, abokina ya zaɓi hanya ta biyu, ya sa na'urar ta riƙa aiko da awo hamsin-hamsin, tana rufe kowane rukuni da bayit 10, wanda a tsarin rubutu yake nufin sabon layi.

Ya rubuta manhajar karɓa da harshen Python na biyu, wanda ba ya tsananta bambanci tsakanin jerin bayit da jerin haruffa. Kafin in fara aikin fili ya samu aiki a wani gari, ni kuma na sauya kwamfuta. A sabuwar, Python na uku ne, wanda tun fitowarsa a 2008 ya raba waɗannan abubuwa biyu, kuma an daina kula da na biyun a farkon 2020. Manhajar ta ƙi tashi. Na laluba a intanet, na samu shawarar a mayar da bayanan zuwa rubutu bisa tsarin UTF-8. Da na yi haka sai ta riƙa tsayawa jefi-jefi tana ƙorafin ta ci karo da bayit ɗin da ba ta gane ba. Sai na ƙara mata umarnin ta yi watsi da duk abin da ba ta gane ba. Ƙorafi ya ƙare, zane ya fito a fuskar kwamfuta, na yi hamdala. Wasu lambobi da suka haura 1023 sukan ɓullo nan da can. Na ɗauke su hayaniyar lantarki, na sa a riƙa share su.

Mutum goma sha huɗu na auna, maza da mata, daga ɗalibai har dattawa. Sakamakon ya burge ni matuƙa. Duk inda aka furta /ɓ/, layin awo sai ya faɗo daga 520 ya dire a 257, ya ɗan tsaya, ya koma. Zuƙa ce mai ƙarfin gaske, irin wadda ta saɓa wa abin da magabata suka rubuta. Har na fara tsara jimlolin da zan yi wa Ladefoged gyara cikin ladabi.

Na kai wa malamin da ke duba aikina zanukan. Bai san Python ba, amma ya shafe shekaru yana sauraren bakin mutane. Ya jera takardun a kan tebur, ya dube su tsawon lokaci, sannan ya ce, “Wannan na dattijon nan ne mai shekara saba'in?” Na ce, “Nasa ne, Allah gafarta Malam.” Ya ɗauko wata ya ce, “Wannan kuma ta ɗalibar nan ce. To ka taɓa ganin mutum biyu da maƙogwaronsu ya zo daidai wa daida? Ko mutum ɗaya ba ya furta kalma sau biyu iri ɗaya. Je ka ka tambayi na'urarka inda ta samo 257.”

A daren nan na kira abokina, ya ce in ajiye duk wata fassara, in sa kwamfuta ta nuna bayit ɗin yadda suka iso. Na sa bututun a bakina na ce ɓari. Abin da ya fito shi ne 2 da 8, 2 da 3, sai 1 da 250, 1 da 244, 1 da 247. Wato matsin ya sauka zuwa 500 ne kawai ya fara komawa. Nan take na gane ɓarnar.

A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, bayit ɗin da bai kai 128 ba shi kaɗai harafi ne, kamar yadda yake a tsohon tsarin ASCII. Wanda ya kai 128 ko ya haura kuwa, dole ya zo tare da 'yan'uwansa, su biyu zuwa huɗu, kafin su tashi harafi guda. Harafin ɓ kansa bayit biyu ne, 201 da 147. To duk lambar da ke tsakanin 384 da 511, bayit ɗinta na farko 1 ne, na biyun kuma tsakanin 128 da 255 yake. Manhajar ta ga 244 tsaye shi kaɗai a tsakanin 1 da 1, ta ce wannan ba harafi ba ne, ta jefar da shi kamar yadda na umarce ta. Abin da ya rage shi ne jerin ɗaya-ɗaya, ta haɗa su bibbiyu: 256 a ƙara 1, ya ba da 257. Tsawon zuƙar ma ya ragu da rabi. Idan kuma adadin da aka jefar ya zama mara, sai sauran rukunin ya goce, a karanta 8 da 2 a maimakon 2 da 8, a samu 2050. Waɗannan su ne lambobin da na kira hayaniya na share, alhali su kaɗai ne ke yi mini ishara cewa akwai matsala. Bugu da ƙari, duk lokacin da awo ya zama 522, bayit na biyu 10 ne, manhajar ta ɗauka layi ya ƙare, ta datse rukunin a tsakiya.

Gyaran bai ɗauke mu kwana biyu ba. Muka daina karatu layi-layi, muka koma karɓar ƙayyadadden adadin bayit. Kowane rukuni ya koma farawa da 255 sau biyu, domin bayit na farko na awo ba ya wuce 3, saboda haka wannan alama ba za ta taɓa fitowa a tsakiyar awo ba. A ƙarshen rukuni na'urar tana aiko da jimillar tantancewa, kwamfuta ta sake lissafi ta gwada. Duk rukunin da ya gaza, ana ƙirga shi a rubuta, ba a jefarwa a ɓoye. Mafi muhimmanci, ana adana ɗanyen bayanin a fayil kafin a taɓa shi.

Wannan mataki na ƙarshe shi ne wanda rashinsa ya fi yi mini ciwo. Da na adana ɗanyen bayani tun farko, da awa ɗaya ta isa in sake lissafi. Amma abin da manhajar ta tace kaɗai na ajiye, kuma abin da ta zubar ya tafi ke nan. Dole na koma wurin mutanen nan ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri. Goma sha ɗaya na samu. Dattijon ya yi dariya ya ce, “Yaro, ashe injin naka ma kurma ne?” Ya sake zama ya yi ta maimaita haɓa da ɓari har muka gama. A sabon awon, saukar matsin 'yar kaɗan ce, ta kuma bambanta daga mutum zuwa mutum. Jimlolin gyaran da na tanada na goge su.

Dukkanmu mun saba ganin ƙ ta rikiɗe ta koma Æ™ a takardar da aka buɗe da tsarin da ba nata ba. Bayit 198 da 153 ne aka karanta ɗaya-ɗaya a maimakon a haɗe. Asalin cutar ɗaya ne da tawa, sai dai ita ido na kama ta nan take, domin mun san Hausa. Lambar da ta gurɓace kuwa lamba ce dai, tana shiga jadawali, a fitar da matsakaicinta, a buga ta a mujalla, wani ɗalibi ya kafa hujja da ita.

Masu nazarin rubuce-rubucen ajami sun daɗe da sanin cewa mai kwafi yakan gyara abin da bai gane ba, shi ya sa ba sa yarda da kwafi sai sun nemi asali. Manhajar da ke zaune tsakanin na'ura da mai bincike ita ma mai kwafi ce, kuma ni da kaina na ba ta izinin tsallake duk abin da ya shige mata duhu. Yanzu idan ɗalibi ya kawo mini zanen da ya fito daga wata na'ura, nakan fara da tambayoyi uku: ina ɗanyen fayil ɗin, wa ya rubuta manhajar, kuma awo nawa ta jefar a hanya?